Moton da Ke Auna Faifai: Sharhi kan Na'urorin Gwajin Had-dis

Kusan duk shagon da ya ɗan tara jari a Agege ko Mile 12 a yau yana da kyamarorin tsaro a kusurwoyinsa, kuma a ƙarƙashin teburin maigida akwai akwatin da ke naɗar hotuna dare da rana. A cikin akwatin nan akwai had-dis, wato ma'ajiyar bayanai mai faifai, irin wadda bankunan Marina da manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na Lekki da Oregun suke jerawa sahu-sahu. Masu saye da sayar da shi, har da 'yan'uwanmu da ke saro kaya a Computer Village ta Ikeja suna aikawa Kano da Kaduna, abu biyu suka fi tambaya: terabait nawa yake ɗauka, kuma nawa ne kuɗinsa. Ba a cika tambayar yadda masana'anta ta tabbatar da cewa faifan da ke ciki da kan karatun da ke shawagi a kansa, wato ɗan kan da ke rubutawa da karanta bayanai, sun cancanci a ba su amanar bayanai ba. Amsar tana cikin wasu na'urorin gwaji da ba a sayar da su a kasuwa, kuma abin da ya fi komai wuyar ƙerawa a jikinsu shi ne moto, wato injin lantarkin da ke juya faifan yayin da ake auna shi.

Kafin a gane dalilin wuyar, sai an san ƙanƙantar abin da ake aunawa. Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti yana zagaye 120 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma a had-dis mai inci 3.5 bakin faifan yana wucewa ta ƙarƙashin kan karatu da gudun da ya kusa kilomita 130 a awa. Kan karatun ba ya taɓa faifan. Iskar da juyin ke ja ita ke ɗaga shi, tazarar da ke tsakaninsu kuwa nanomita kaɗan ce, alhali sai an raba milimita ɗaya gida miliyan kafin a sami nanomita ɗaya. Bayanan suna kwance ne a kan layuka masu zagaye waɗanda faɗin kowannensu bai kai nanomita 100 ba, kuma in kan karatun ya goce daga tsakiyar layi da kimanin kashi ɗaya cikin goma na wannan faɗi, rubutunsa ya fara cin na maƙwabcinsa. Ƙa'idar awo kuma a ko'ina ɗaya ce: ba a auna gwal da sikelin da kuskurensa ya fi nauyin gwal ɗin. Saboda haka dole juyin moton gwaji ya fi na kowane had-dis da za a sayar tsabta, in ba haka ba injiniya zai riƙa ɗora wa faifai laifin da na na'urarsa ne.

A da ba a bukatar wannan tsanani. Had-dis na farko, wanda IBM ta fitar a 1956 tare da kwamfutar RAMAC, yana da faifai 50 masu faɗin inci 24, yana juyawa sau 1,200 a minti, kuma abin da yake ɗauka bai wuce megabait 5 ba. Wanda Seagate ta fitar a 1980 mai suna ST-506 yana matsar da kan karatunsa ne da moto mai taku, wanda ke tafiya taki-taki ba tare da ya duba inda ya sauka ba, domin layukan suna da faɗin da zai jure wannan ganganci. Da layuka suka matse, sai aka koma ga koyil mai motsi a tsakanin maganaɗisu, irin na cikin lasifika, wanda ke karanta wasu alamomi da aka shuka a jikin faifan yana gyara zamansa sau dubbai a daƙiƙa. Gudun juyi ma ya yi ta hawa: 7,200 a 1992, sai 10,000 a 1996, sai 15,000 a shekarar 2000. A farkon shekarun 2000 kuma aka sauya boris, wato abin da ke riƙe sandar juyi tana juyawa a cikinsa, aka bar mai ƙwallaye aka koma na mai, inda sandar juyi ke yawo a cikin siririn mai ba ta taɓa ƙarfe. Kamfanin Nidec na birnin Kiyoto a Japan, wanda Shigenobu Nagamori ya kafa a 1973, shi ke ƙera mafi yawan waɗannan injinan juyi na duniya.

Dalilin barin ƙwallaye shi ne ginshiƙin wannan magana duka, don haka ya dace a tsaya a kansa. Babu sandar da ke juyawa a kan cibiya ɗaya cif. Kowace tana ɗan gocewa. Amma gocewar iri biyu ce. Akwai mai maimaituwa, wadda ke faruwa a wuri ɗaya da girma ɗaya a kowane zagaye, kamar idan ba a ɗaure faifan daidai tsakiya ba. Wannan ba ta da ban tsoro sosai, domin abin da ke maimaita kansa ana iya auna shi, a haddace shi, a cire shi a lissafi. Sai kuma marar maimaituwa, wadda zagayen yanzu bai yi kama da na baya ba. Boris mai ƙwallaye yana haifar da ita da yawa, saboda ƙwallayen ba su zama cikakken dunƙule ba, kuma suna zagayawa da nasu gudun wanda bai yi daidai da na sandar ba, ta yadda ƙwallon da ke da ɗan tabo ba ya komawa wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan gocewa ba ta haddatuwa, sai dai a bi ta a guje, kuma ita ce ke yanke iyakar yadda za a matse layuka. Idan har ta hana had-dis na kasuwa ci gaba, to a na'urar gwaji ba ta da wurin zama ko kaɗan.

Shi ya sa masu ƙera teburin gwaji, irin su Guzik Technical Enterprises da ke Mountain View a jihar Kalifoniya ta Amurka, suke amfani da boris na iska. Ana tura busasshiyar iska mai matsi ta wasu ƙananan kafofi zuwa tsakanin sandar juyi da gidanta, sai ta zauna a kan shimfiɗar iska mai kaurin maikuromita kaɗan (maikuromita ɗaya nanomita dubu ce). Babu gogayya, babu mai da zai yi kauri da sanyi ko ya tsinke da zafi, babu ƙwallon da zai yi tabo. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: tun da iskar ta rufe dukkan jikin sandar, 'yan kurakuran da aka bari wajen feƙe ƙarfen suna shafe juna, sai juyin ya fito ya fi ƙarfen da aka yi shi da shi daidaito. Kamfanin Westwind na garin Poole a Ingila yana cikin waɗanda suka yi suna a wannan sana'a. Sai dai kayan yana da sharuɗɗa masu tsauri. Iskar dole ta zama tatacciya, ba ƙura, ba ɗigon mai, ba laima, kuma idan matsinta ya faɗi alhali sandar tana tsakiyar gudu, ƙarfe zai haɗu da ƙarfe, a yi asarar sandar cikin ƙiftawar ido. Don haka ake haɗa ta da tankin ajiyar iska da makunnin da ke tsayar da moto da zarar matsi ya ragu. Duk wanda ya san laimar Legas da yadda wuta ke ɗaukewa ba sallama zai fahimci cewa mai son kafa irin wannan tebur a Ikeja zai kashe kuɗi mai yawa a kan kwampreso da na'urar busar da iska da wutar ko-ta-kwana tun kafin ya juya faifai ko ɗaya.

Boris mai kyau bai wadatar ba idan moton da ke tura sandar yana fizgarta. Moton da aka saba gani, irin na cikin had-dis ɗin kansa, ana naɗa wayarsa ne a kan haƙoran ƙarfe, kuma maganaɗisun da ke zagayawa yana son ya manne wa kowane haƙori idan ya zo wucewa. Wanda ya taɓa juya irin wannan moto da yatsa ya ji yadda yake ɗan cijewa yana saki. Wannan fizge-fizge yana shiga gudun juyi, yana kuma jan sandar gefe, ita da ke zaune a kan iska kawai. Maganin da aka samo shi ne moto marar haƙora, wanda ake shimfiɗa wayarsa a fili cikin danƙo mai tauri, ta yadda maganaɗisu ba shi da abin da zai fi so ya manne wa. Farashin wannan laushi shi ne raguwar ƙarfin juyi a kan kowace amfiya ta wuta, wato sai an ƙara wuta, ƙarin wuta kuma zafi ne. Ba a sa gawayin buroshi a ciki, domin yana goguwa yana zubar da ƙura a ɗakin da ake ƙirga ƙwayoyin ƙura. Wutar ma ba a watsa masa ita gutsure-gutsure. Ana ba kowanne daga cikin koyil uku na moton wuta mai hawa da sauka a hankali, kuma sau da yawa ana guje wa na'urar ba da wuta mai kunnawa da kashewa da sauri, ko a tace ta sosai, saboda hayaniyar lantarkinta na iya shiga cikin ɗan siginar da kan karatu ke ɗaukowa.

Akwai wani bambanci kuma. Moton cikin had-dis ba shi da na'urar da ke gaya masa inda ya kai a zagaye. Yana gane hakan ne daga wutar da koyil ɗinsa ke mayarwa yayin da maganaɗisu ke wucewa. Dabara ce mai araha kuma mai amfani, har ma ita ce ke ceton bayanai idan an ɗauke wuta, domin had-dis yana mayar da moton nasa ɗan janareta na daƙiƙar ƙarshe, ya yi amfani da wutar ya janye kan karatu daga saman faifai. Amma a teburin gwaji wannan ƙiyasi bai isa ba. Ana ɗaura wa sandar faifan gilashi mai dubban zane-zane, haske yana ƙirga su, ana kwatanta ƙirgar da agogon lantarki mai tsananin daidaito, ana gyara wutar moto nan take. Dalili kuwa shi ne tsawon ɗigon bayani ɗaya a kan layi bai kai nanomita 20 ba, yana wucewa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Idan gudun ya ɗan yi rawa, ɗigon zai zo da wuri ko a makare, injiniya kuma ba zai iya rarrabe ko kan karatu ne ya gaza ko moto ne ya yi tuntuɓe ba.

A ganina wurin da aikin ya fi ban sha'awa shi ne inda bukatar daidaito ta ci karo da bukatar kasuwa. A gwajin santsin faifai, ana shawagi da wani kai na musamman mai jin taɓi a kan faifan, domin ya gano duk wani tudu da ya fi ƙima. Tsayin shawagin ya dogara da gudun saman faifan a daidai inda kan yake, kuma bakin faifai ya fi cikinsa gudu. Saboda haka yayin da kan ke matsawa daga ciki zuwa waje, moto sai ya riƙa rage juyi daidai gwargwado domin tsayin ya tsaya wuri ɗaya. Ga shi kuma masana'anta tana da faifai da kawunan karatu miliyoyi da ke jiran layi, don haka ana son moto ya tashi daga tsaye zuwa cikakken gudu cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya tsaya da sauri, a sauya faifai, ya sake tashi. Kowane tashi da tsayawa yana zuba zafi a cikin sandar, ƙarfe kuma yana miƙewa da zafi: sandar ƙarfe mai tsawon santimita 10 tana ƙara kusan maikuromita ɗaya idan zafinta ya hau da digiri ɗaya, wato fiye da faɗin layuka goma. Mai tsara na'urar yana tsakanin maigidan da ke son sauri da awon da ke son natsuwa, kuma yawancin dabarun sanyaya moto da nisanta koyil daga boris daga wannan matsi suka fito.

Matsar da kan karatu ma aikin moto ne, kodayake ba mai juyi ba. Ana ɗora shi a kan dandamalin da ke zamewa bisa dutsen giranit mai nauyi, moto mai tafiya a miƙe ya kai shi kusa da inda ake so, sannan a wasu tsare-tsare a kafe dandamalin, a bar sauran tafiyar ga wani ɗan tangaran da ke miƙewa ko ya tsuke idan an ba shi wuta. Shi ne ke yin motsin nanomita.

Alamomin da na ambata a baya, waɗanda kan karatu ke bi don ya san layinsa, su ma na'ura ce ke rubuta su a masana'anta, kuma duk rawar da sandarta ta yi a lokacin rubutun ta zauna ke nan a jikin faifan har ƙarshen rayuwarsa. An daɗe ana yin wannan aiki da na'urori masu boris na iska a ɗaki mai tsabta, kuma kamfanin Xyratex na garin Havant a Ingila, wanda ya ɓalle daga IBM a 1994, ya yi fice wajen ƙera su. Daga baya, saboda tsadar ɗakunan da yawan layuka, aka koya wa had-dis ya rubuta mafi yawan alamominsa da kansa bayan an rufe shi. Wannan ya mayar da nauyin gwaji zuwa manyan kantoci masu dubban ramuka, inda hannun mutum-mutumi ke saka kowane had-dis a raminsa ya kwana yana gwada kansa cikin zafi da sanyi. Lokacin ba kaɗan ba ne: mai terabait 20, ko da yana rubuta megabait 250 a daƙiƙa ba tsayawa, sai ya yi awa 22 kafin ya cika sau ɗaya, kuma ba sau ɗaya ake bi ba. A nan abokin gaba shi ne jijjigar maƙwabta da ta fankoki da ta hannun da ke kai da kawowa. Wanda yake ganin an cika zuzuta batun jijjiga ya tuna abin da ya sami bankin ING a Bukares ta Romaniya a 2016, lokacin da ƙarar iskar gas ta kashe gobara da ake gwadawa ta durƙusar da had-dis masu yawa, harkokin bankin suka tsaya na kusan awa goma.

Idan aka dawo kasuwarmu, abin da ake yi a kan tebur a titin Otigba ko a Alaba wani abu ne dabam, kuma ba aibi ba ne a faɗi haka. Yaron shago zai jona had-dis ɗin tokumbo a kwamfuta, ya buɗe manhajar duba lafiyar had-dis irin su Hard Disk Sentinel ko CrystalDiskInfo, ya juyo da allon ya ce, “Alhaji, ka gani da idonka, lafiyarsa ɗari bisa ɗari.” Abin da allon ya nuna rahoto ne da had-dis ya bayar game da kansa, da moton kansa da kan karatun kansa, ba tare da wani ma'auni daga waje ba. Rahoton yana da amfani ga wanda ya iya karanta shi, musamman layin da ke nuna tsawon lokacin da moto ke ɗauka kafin ya kai gudu, da sau nawa ya yi yunƙurin tashi ya kasa, da yawan gurabun da suka lalace aka musanya, da awannin da ya yi a kunne. Amma ana iya goge shi. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta heise a Jamus ta bankaɗo yadda wasu dillalai suka riƙa sayar da tsofaffin had-dis na Seagate a matsayin sababbi bayan sun share awanninsu, kuma abin da ya tona asirin shi ne wani kundi na biyu mai suna FARM da ke cikin na'urar, wanda ba su goge ba. In haka ta faru a shagunan Turai, mai saro kwali-kwali a Legas ya fi kowa bukatar ya nemi a karanta faifan daga farko har ƙarshe kafin ya biya, ko da hakan zai cinye masa yini.

Sau da yawa kuma ana yanke wa lafiyayyen kaya hukuncin mutuwa saboda wutar gwajin ce ba ta da kyau. Had-dis mai inci 3.5 yana bukatar bolt 12 domin motonsa, kuma a daƙiƙoƙin tashi yana iya jan kusan amfiya 2. Ƙaramar adafta mai araha ba ta iya ba shi, sai ya riƙa tashi yana faɗuwa yana ƙwas-ƙwas. Na laftof ma yakan nemi fiye da rabin amfiyar da tsohuwar kafar USB ke bayarwa. Haka nan gwaji a kan teburin da janareta ke girgizawa yana rage gudun karatu ba tare da faifan yana da laifi ba. Idan kuwa moton ne ya cije da gaske, ana jin wani siririn kuka maimakon ƙarar juyi, to masu ceto bayanai, ko da suna da na'urar ceto bayanai ta PC-3000 ta kamfanin ACE Lab, sun san sun shiga aiki mai wuya. Ɗauke faifai zuwa wani moto yana sauya cibiyarsa, ya jawo gocewar da ta ninka faɗin layi sau da yawa, kuma idan faifan ya fi ɗaya, jerin da ke tsakaninsu bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Mai gyaran da ya buɗe murfi a bakin titi ya juya sandar da filaya ya riga ya rage wa mai kayan damar da ta saura.

Masana'antar da ke bukatar waɗannan na'urori ta tsuke ƙwarai. Kamfanoni uku ne suka rage, Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma yawan had-dis da ake sayarwa a shekara, wanda ya kai kusan miliyan 650 a 2010, ya faɗo ƙasa da rubu'in haka a 2023 saboda ma'ajiya marar faifai ta karɓe laftof da ƙananan kwamfutoci. Ambaliyar Tailan ta 2011, wadda ta shanye masana'antun Western Digital da na Nidec, ta nuna yadda 'yan wurare kaɗan ke riƙe da kayan duniya, domin farashi ya yi tashin gwauron zabi har a kasuwannin da ba su san sunan lardin Ayutthaya ba. A 2014 Seagate ta saye Xyratex ɗungurungum. Amma raguwar yawa ba ta sauƙaƙa aikin moto ba, sai ma ƙara masa wuya da ta yi. Tun 2013 da HGST, reshen Western Digital a lokacin, ta fara cika had-dis da iskar hiliyom, wadda nauyinta kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne na iskar da muke shaƙa, ya zama dole a kwaikwayi wannan yanayi a wurin gwaji, alhali boris na iska yana fitar da tasa iskar a gefen faifan. Sabuwar fasahar da Seagate ta kai terabait 30 da ita a 2024, wadda hasken leza ke ɗumama ɗigon faifai zuwa sama da digiri 400 kafin a yi rubutu, ta ƙara matse layukan, ta kuma shigo da sabon tushen zafi daidai wurin da ake awon.